An Karɓo Daga Mariatu

Litinin, 10 ga Oktoba 1988, ƙarfe 4:30 na yamma

Yaya Mariatu ta yafe mini. Littafin nan ta ba ni ne don in riƙa rubuta lambobi, ba labari ba, kuma ni ba kowa ba ce da zan zauna ina rubuta zancen gidanmu kamar wata babba. Aji huɗu nake a sakandare. Amma tun ranar Juma'a akwai abin da yake damuna, ba ni da wanda zan faɗa wa, shi ya sa na juya littafin na fara daga baya. Lambobi a gaba, ni a baya.

Irin littafin da suke aiki da shi ne a ɗakin gwajinsu, mai baƙin bango, kowane shafi da lambarsa. Yaya ta ce dokarsa uku ce: a sa rana da lokaci, kada a yage shafi, a rubuta abin da aka gani, ba abin da ake tsammani ba. Zan bi dokar.

Ga abin da na gani. Ranar Juma'a Yaya ta zo gidanmu a unguwar Nima kafin Magariba, ba ta ci tuwo ba, ta karanta wa Mma, mahaifiyarmu, wata wasiƙa daga wurin aikinta. Yaya likitar bincike ce, jinin yara masu ciwon sikila take nazari a wata cibiya. Wasiƙar ta ce za a rage ma'aikata. Kwamiti zai zauna ranar 10 ga Nuwamba ya duba takardun binciken da kowa ya wallafa, da kuma sau nawa masana na wasu ƙasashe suka ambace su. Yaya ta jera takardu tara. An soke uku da jan biro, an rubuta a gefe cewa ba nata ba ne, na wani Kadiri ne. Shidan da suka rage kuma an ce babu wanda ya san da su.

Idan suka sallame ta, tafiya za ta yi. Akwai wata wasiƙa mai kan sarkin ƙasar waje da ke cikin jakarta tun bara. Na ga ambulan ɗin, ban karanta ba.

Talata, 11 ga Oktoba, ƙarfe 6:15 na safe

Ya kamata in bayyana zancen sunayen, ko da ni kaɗai zan karanta.

Yaya ce 'yar fari, ni ce auta, shekara ashirin tsakaninmu. Baba, Malam Musah mai turare a Zongo Lane, daga Damagaram ya zo yana saurayi, kuma ya zo da al'adarsu gaba ɗaya: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. Da aka yaye Yaya sai aka ba Kawu Kadiri, wan Mma, riƙonta a unguwar Maamobi. Shi ya kai ta makaranta. Da aka tambayi sunan uba, ya ba da nasa. Da sunan Kadiri ta gama sakandare da jami'a, da shi ta wallafa takardunta uku na farko. Bayan rasuwar Kawu a 1981, tana karatu a ƙasar waje, ta koma Musah. Dalilin da ya sa ta koma, da abin da Baba ya ce da ta dawo, da abin da Inna Lariba matar Kawu ta ce, ban gani ba. Ba zan rubuta ba.

Shekaruna goma sha shida, ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Baba ba. “Waccan ta Maamobi” yake cewa. Mma kuma tana cewa “Babba”.

Laraba, 12 ga Oktoba, ƙarfe 6:50 na yamma

Yau na fara aikin da Yaya ta sa ni: ƙirga waɗanda suka ambaci takardunta. Daga makaranta na shiga motar haya, trotro, har biyu zuwa babban laburare, da kayan makaranta a jikina. Yaya ba za ta iya barin ɗakin gwaji da rana ba, kuma idonta ba ya ganin ƙananan rubutu kamar da.

Mai kula da wurin, Anti Dede, 'yar ƙabilar Ga ce, tana da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce da 'yar Hausarta, “Ke ce sojan da Dakta ta aiko? Kin ci abinci?” Na ce na ci. Ta ce, “Ƙarya.” Ta ba ni rabin burodinta.

Sannan ta kai ni wurin littattafan. Daga Amurka ake kawo su, kowace shekara da nata, kowane ɗaya ya fi turmin atamfa biyu nauyi. A ciki an jera sunayen masu bincike, a ƙarƙashin kowane suna an jera waɗanda suka ambaci aikinsa a wannan shekara. Rubutun kamar tururuwa. Ta ba ni madubin ƙara girma da rula, ta ce in riƙa duba sunan mujalla da lambar shafi, domin ba Yaya kaɗai ba ce Musah a duniya. Na shekarar 1983 babu shi. Anti Dede ta ce shekarar yunwa ce, jirgi bai kawo littafi ba.

Na fara da Musah. Shekara huɗu, ambato tara.

Tara. Na sake ƙirgawa, tara ɗin ne.

Alhamis, 13 ga Oktoba, ƙarfe 7:00 na yamma

Na buɗe Kadiri M. a littafin 1979. Na zaci idona ne. Layuka goma sha ɗaya a shekara ɗaya, duka a kan takardar farko, wadda Yaya ta bi gida gida a Nima da Maamobi ta ɗibi jinin yara ɗari huɗu a damina. Na ɗaga kai na hango Anti Dede a teburinta. Sai na je na tsaya a gabanta kawai har ta gane ta biyo ni.

Ta sa tabarau na biyu. Ta ce, “Ei! Wannan Kadiri babban mutum ne paa, ƙwarai.” Na ce yayata ce. Wannan ne karo na farko da na yi magana da ƙarfi a laburare, har wani ɗalibi ya juyo.

Asabar, 15 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Ambato arba'in da bakwai a sunan Kadiri.

Talata, 18 ga Oktoba, ƙarfe 6:40 na yamma

Tamanin da shida. Indiya, Jamaika, Faransa, Najeriya sau da yawa. Na yi barci a darasin tarihi, malama ta sa na tsaya a bayan aji, ban ji haushi ba ko kaɗan. Ina tsaye ina ta faɗa a raina, tamanin da shida, tamanin da shida.

Juma'a, 21 ga Oktoba, ƙarfe 5:45 na yamma

Na gama. Kadiri ɗari da arba'in da uku, Musah tara. Ɗari da hamsin da biyu, ban da shekarar da littafinta bai zo ba.

Na kai wa Yaya a wurin aikinta. Ta bi shafukan da yatsa, ta zaɓi guda biyar ta tambaye ni mujallarsu, na faɗa duka daidai. Ta ce, “Adiza, hannunki ya fi na mataimakina tsabta.” Na rasa inda zan sa idona, na kalli firijin da suke ajiye jini.

Amma ba ta yi murna ba. Ta ce sakataren kwamiti ya riga ya gaya mata: fayil ɗinta na farko yana cikin waɗanda ruwa ya ci a ɗakin ajiya, takardar jami'arta ta ce Kadiri, ta digirin ƙarshe ta ce Musah, su kuwa mutum biyu suke gani. Sai uba ko mariƙi ya je gaban mai rantsarwa ya rantse da bakinsa cewa mutum ɗaya ce. Mariƙin ya rasu.

Na ce, “To ai Baba yana nan.”

Ta rufe littafin ta miƙo mini. Ta ce, “Ba zan tsayar da dattijo a gaban kotu in sa shi abin da bai yi ba shekara talatin da shida. Gara in tafi.”

Akwai wani a kwamitin da yake son ɗakinta da firijin nan. Ma'aikatan suna rage murya idan ya wuce. Yaya ba ta faɗi sunansa ba, ni ma ban gani a rubuce ba.

Lahadi, 23 ga Oktoba, ƙarfe 5:00 na yamma



Yau Maulidi. Mma ta aike ni Maamobi da kwanon shinkafa in kai wa Inna Lariba. Inna haifaffiyar Zango ce, kowa namiji ne a bakinta, har mace “ka” take ce mata. Ta ce, “Adiza, ka rame. Yayanka ya mance hanyar gidan nan ne?” Na ce aiki ne ya yi mata yawa. Ta ce, “Aiki. To.”

Ta ce in taya ta sauko da akwatin ƙarfe daga kan kabad, za ta ciro mayafi. A ƙarƙashin mayafan akwai gwangwanin biskit guda biyu. Ta buɗe ɗaya ta ce, “Ka san boko, zo ka ga yadda duniya ta san Kawunka.”

Katuna ne, ɗaure da zaren ɗinki, ashirin ashirin. Kowane da kan sarkin wata ƙasa. A gaban kowane an rubuta Dakta M. Kadiri, da lambar akwatin gidan waya na masallacin unguwarsu. Inna ta ce tun watan da Kawu ya rasu suka fara zubowa, ladan ne yake kawo mata. Ya duba ya ce mata gaisuwa ce da godiya. Kawu ya yi aikin jirgin ruwa yana matashi, sai ta gane cewa abokansa ne na ƙasashe suke ta'aziyya. Shekara bakwai, duk Juma'a tana yi musu addu'a.

Na karanta ɗaya. Ba ta'aziyya ba ce. Wani masani ne a Kuba yake roƙon Dakta Kadiri ta aiko masa da kwafin takardarta ta uku. Na karanta na biyu, daga Poland, roƙo ɗaya. Yaya ta taɓa gaya mini lokacin ba ta da ofis, adireshin masallaci ta sa a takardun.

Inna tana kallona tana murmushi. Ta ce, “Me suka ce?”

Na ce, “Suna gaisuwa, Inna. Suna godiya.” Gaskiya ne, akwai godiya a ƙasan kowane kati. Amma na san abin da na yi.

Talata, 25 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na yamma

Na gaya wa Yaya. Ta zauna a kan kujerar ɗakin gwaji ta rufe fuskarta da hannu, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ta cire farar rigarta ta ce mu tafi Maamobi.

Ta durƙusa ta gaida Inna, ba ta tashi ba, a durƙushe ta faɗa mata. Inna ta janyo gwangwanin gabanta. Sannan ta ce, “Wato ba abokan Kadiri ba ne.”

Yaya ta ce, “A'a, Inna.”

“Ni nake ta yi wa Turawan da ban sani ba Fatiha shekara bakwai?”

Yaya ta ce, “Wasunsu Indiyawa ne.”

Inna ta fashe da dariya har tana dukan cinya, hawaye na zuba, sai dariyar ta tsaya hawayen bai tsaya ba. Ta ce, “Ka cire sunansa, amma sunansa bai cire ka ba. Duba inda ya kai ka.” Yaya ta ce, “Na sani, Inna.” Suka ce in je in sayo koko a bakin titi. Da na dawo idanunsu duka ja, Inna tana ba Yaya labarin yadda ta riƙa raka ta gidaje a waccan damina, tana rantse wa iyaye mata cewa ba sayar da jinin yaransu za a yi ba. Abin da suka faɗa ina waje ban ji ba.

Katunan ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Inna ta ce babu mai ɗaukar gwangwanin sai ita.

Alhamis, 27 ga Oktoba, ƙarfe 6:10 na yamma

Inna ta ɗora gwangwanayen a kai ta shiga trotro har cibiya. Sakataren ya duba katunan da ladabi, ya ce sun nuna Kadiri ya zauna a Maamobi, ba su nuna Kadiri ne Musah ba. Inna ta ce masa, “Ni na goya shi a bayana!” Ya ce doka uba ta ce, ko mariƙin da sunansa ke kan takarda.

Saura mako biyu.

Asabar, 29 ga Oktoba, ƙarfe 3:00 na yamma

Na je shagon Baba a Zongo Lane da littafin a jakata. Na share shago, na goge kwalabe, na cika masa buta. Ya ce, “Auta, lafiya?” Na ce lafiya lau. Na dawo gida.

Litinin, 31 ga Oktoba, ƙarfe 7:15 na yamma

Yaya ta kawo mini babban ƙamus ɗinta da agogon tebur. Ta ce sun yi mata yawa a ɗaki. Ta kawo wa Mma tukwane biyu. Mma ta karɓa ta ajiye a bayan ƙofa, ba ta buɗe ba.

Laraba, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 6:45 na yamma

Na koma shagon bayan makaranta. Wannan karon Baba ne ya fara. Yana auna itacen turare a ɗan ma'auninsa, bai ɗago ba, ya ce, “Idonki ya yi ja mako uku. Me kike karantawa haka?”

Na ciro littafin, na buɗe gaba, ba baya ba. Na ce, “Baba, ku duba. Kowane layi mutum ne, masani, a wata ƙasa. Ya rubuta nasa binciken, da ya zo ƙarshe sai ya faɗi wanda ya fara gano abin.”

Ya ce, “Me zai sa ya faɗa? Wa zai kama shi in bai faɗa ba?”

Sai na tuna karatun da yake ɗauka wurin malaminsa bayan La'asar. Na ce, “Kamar yadda kuke cewa an karɓo daga wane, shi kuma daga wane.”

Ya ajiye ma'aunin.

Ya ce, “Turawa ma suna da wannan?”

Na ce suna da shi, har littafi suke bugawa duk shekara.

“Mutum nawa?”

“Ɗari da hamsin da biyu, Baba.”

“Duk sun ce daga waccan suka karɓo?”

Na ce, “Tara sun ce daga Musah. Sauran sun ce daga Kadiri. Kwamitin sun ce Kadiri wani ne daban, shi ya sa za su sallame ta.” Na faɗa masa zancen rantsuwa da sauri, idona a ƙasa, na ƙare da cewa ba Yaya ce ta aiko ni ba, in ta ji ma za ta yi faɗa.

Wata mata ta shigo sayen humra. Ya sallame ta a natse, har da tambayar jikin mijinta. Da ta fita ya ce, “Wanda ya yanke suna daga tsakiyar salsala ya ci amanar ilimi.” Na jira. Ya ce, “Kadiri ya riƙe amana.” Na jira. Ya ce in je gida kada Magariba ta same ni a hanya.

Alhamis, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 7:00 na yamma

Baba bai ce komai ba.

Juma'a, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 7:00 na yamma

Bai ce komai ba. Bai gama tuwonsa ba.

Lahadi, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 11:00 na safe

Na ga sabon akwati a ƙarƙashin gadon Yaya, da takardar wani shago na kasuwar Tudu a jikinsa.

Litinin, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 6:00 na safe

Baba ya dawo daga Asuba ya tsaya a ƙofar ɗakinmu. Ya ce, “Auta, gobe ba za ki makaranta ba, za ki yi mini tafinta. Ki gaya wa waccan ta same mu a bakin kotu ƙarfe tara.” Ya wuce.

Mma tana hura wuta. Ta ci gaba da hurawa, wutar kuwa ta daɗe da kamawa.

Talata, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 4:00 na yamma

Zan rubuta a hankali, domin wannan na gani da idona.

Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya yi alwala kafin mu fita. A bakin kotu akwai masu buga takarda a ƙarƙashin bishiya, kowa da teburinsa da tafiretarsa. Yaya tana nan tun kafin mu iso, da Inna Lariba wadda babu wanda ya gayyata. Yaya ta durƙusa ta gaida Baba, ya amsa yana kallon bishiya.

Mai bugawa ya tambayi sunan 'yar. Ni na faɗa, ya buga. Baba ya ce in karanta masa abin da aka rubuta da Hausa. Da na gama ya ce, “Da saura. A rubuta cewa Kadiri ne ya rene ta, shi ya sa ta makaranta, ni ban sa ta ba.” Mai bugawa ya ce ba a buƙatar wannan. Baba ya ce, “Ni nake rantsuwar ko kai?” Aka sake sabuwar takarda.

Na zaci an gama. Ashe sai an shiga wurin mai rantsarwa, wani dattijo mai furfura da ya yi zama a Kumasi, yana jin Hausa. Ya miƙa wa Baba Alƙur'ani. Ya nuna Yaya da biro ya ce, “Papa, wannan wace ce?”

Baba ya ce, “'Yar farina ce.”

“Sunanta?”

Baba ya ce, “Yana rubuce a takarda.”

“Takarda ba ta rantsuwa, Papa. Suna.”

Na ce a hankali, ni zan iya faɗa. Mutumin ya ce ni ba ni na riƙe Alƙur'ani ba. Yaya ta matso ta ce, “Baba, ku bari. Wallahi ku bari, mu tafi gida.” Bai kalle ta ba. Fankar sama tana juyawa. Na ga hannunsa a kan Littafin, jijiyoyin duk sun tashi.

Ya ce, “Mariatu.”

Mai rantsarwar ya fara rubutu. Amma Baba bai gama ba. Ya juya, ya dubi Yaya a fuska, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ce, “Mariatu. Ni na raɗa mata shi, sunan mahaifiyata ne. Mariatu Kadiri ita ce Mariatu Musah. Ni na haifa, Kadiri ya rena, kuma daga gare ta aka karɓo.”

Sau huɗu. Na ƙirga.

Ban san sunan kakata ke nan ba sai yau. Ashe kunyar biyu ce.

Inna Lariba ta rangaɗa guɗa a cikin ofishin gwamnati. Ɗan sanda ya leƙo, mai rantsarwar ya ɗaga masa hannu, ya buga hatimi da ƙarfi. Yaya tana tsaye kamar an dasa ta. A waje Baba ya ce rana ta yi, shago a rufe yake, ya tare trotro ya shiga shi kaɗai. Ya manta hularsa a kan teburin mai bugawa. Yaya ce ta ɗauka, ba ta ba ni ba.

Alhamis, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 12:20 na rana

Lokacin hutu a makaranta. Yanzu 'yan kwamitin suna zaune. Ban gani ba, ba zan rubuta ba.

Alhamis ɗin, ƙarfe 6:30 na yamma

Ban gani ba, amma an karɓo daga Mariatu, ita kuwa ta gani!

Ta ce ta ajiye takardar rantsuwa, ta ajiye kwafin shafukana na gaba da Anti Dede ta sa wa hannu da hatimi, ta ajiye gwangwanin biskit biyu a tsakiyar tebur. Shugaban kwamitin ya sa aka ɗauko lissafin kowa. A duk cibiyar mutum ɗaya ne kawai ya fi ta yawan ambato, shi ne shugaban kansa, kuma ya girme ta da shekara ashirin. Wancan mai son ɗakinta ya tambaya wa ya yi ƙirgar, ko za a iya yarda da ita. Shugaban ya zaɓi layi goma ya aika aka duba a laburare, suka jira awa biyu. Goma cikin goma.

Ba za ta tafi ba. Ɗakinta nata ne, firijin nata ne, yaran Nima da take bin jininsu tun suna goye za su ci gaba da ganinta duk wata. An kuma ce ta rubuta buƙatar ƙarin mataimaki.

Ta shigo gidanmu da gudu kamar yarinya, mayafinta a hannu. Mma ta ce, “Babba, a hankali, za ki zubar mini da miya,” sannan ta rungume ta da ludayi a hannu. Maƙwabta sun cika tsakar gida. Inna Lariba ta sa an kawo waakye, shinkafa da wake, daga Maamobi a babban baho, tana gaya wa kowa cewa sunan mijinta ya je Kuba. Mma ta ɗauko tukwanen nan biyu daga bayan ƙofa ta ce, “Kwashe kayanki, ba ni da wurin ajiya.” Ni ba a ce in mayar da ƙamus ba, ban kuma tuna wa kowa ba.

Asabar, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 2:00 na rana

Baba ya koma cewa “waccan”. Da safe ya ce, “Ki gaya wa waccan ta dawo mini da hulata.” Amma ya daina ƙara “ta Maamobi”.

Na kai masa hular shago. A tsakanin kwalaben turare, a saman ma'auni, ya kafe kati ɗaya da ƙusa, wanda ya zo daga Masar. Inna ta ba shi, ban san yaushe ba. Wani abokin cinikinsa daga Tudu ya tambaya, “Malam Musah, wannan kuma laya ce?” Baba ya ce, “Malaman duniya ne suke neman karatu a gidana.” Ya ce in karanta wa mutumin sunayen ƙasashen daga littafina. Na karanta duka, ban yi in-ina ba.

Yaya ta ce takardarta ta gaba za ta fito da sunayen biyu a haɗe. Kuma za ta zauna ta amsa katunan ɗari biyu da goma sha huɗu, ko da wasu sun jira shekara bakwai. Ni zan rubuta adireshin a ambulan.

Lahadi, 13 ga Nuwamba, ƙarfe 10:00 na safe

Lambobin gaba da rubutun baya sun kusa haɗuwa, saura shafi ɗaya a tsakani.

Yaya, gobe zan ajiye littafin nan a kan teburinki. Kin ce a ɗakin gwaji ba a rufe littafi sai wani ya karanta ya sa hannu cewa ya gani. Na san ba don wannan kika ba ni shi ba. Ban yage ko shafi ɗaya ba, har wanda na yi wa Inna rabin gaskiya, kuma abin da ban gani ba ban rubuta ba.

Anti Dede ta ce littafin 1988 zai iso bayan damina mai zuwa, dole wani ya je ya ƙirga. Idan ba ki yi fushi ba, ki sa hannu a shafin da ya rage. Idan kuma akwai wani littafi mai baƙin bango da ba kya aiki da shi, ina roƙon ki yarda in sake farawa, daga gaba da kuma daga baya.